Mai Dasa Itatuwa a Kan Teku

Télesphore Goguen yana da shekara saba'in da biyu, kuma fiye da rabin shekarun nan shi ne yake fitar da hanyar ƙanƙara tsakanin ƙauyen Anse-à-Firmin da ƙauyen Cap-des-Ormes. Ƙauyukan biyu suna kallon juna ne ta tsallaken wani mashigin teku a gabashin lardin New Brunswick, ɗaya a gaɓar arewa, ɗaya a gaɓar kudu. Wanda ya tsaya a ƙofar cocin arewa yana hango wankin da aka shanya a kudu, in idonsa da kyau har ya faɗi na gidan wa ne. Amma a mota sai an bi bakin ruwa an shiga daji, an haye gadar da ke can sama inda kogi ya tsuke, sannan a sake gangarowa. Tafiyar kusan awa guda ce. Da rani kwale-kwale yake raba wannan wahala. Da sanyi kuwa, Télesphore ne.

Ga yadda aikin yake. In ruwan mashigin ya daskare a watan Disamba, yakan shiga dajin bayan gidansa da ke ƙauyen arewa ya saro 'yan itatuwa masu tsawon mutum, irin waɗanda ganyensu ba ya zuba da sanyi. Sai ya ɗaure su a kan faffaɗan katako, ya ja su da igiya zuwa kan ƙanƙara. Yana tafe yana huda rami, ya zura sanda ya ga kaurin ƙanƙarar, in ya gamsu ya soka itace ɗaya a ramin. Kafin gari ya waye ruwa ya daskare ya riƙe shi ƙam. Inda ruwa yake gudu ta ƙarƙashi, hanyar takan karkace, a nan sai ya dasa biyu a haɗe don a sani. In ya gama layi biyu daga gaɓa zuwa gaɓa, hukuma ta turo motar share dusar ƙanƙara ta bi tsakaninsu, daga nan motoci su fara wucewa. Kafin motar sharar ta bi, sai dai mai tafiya a ƙasa da mai babur ɗin ƙanƙara, domin dusar takan kai gwiwa.

Wajen ubansa ya koya, lokacin da ake yi da doki. Shi ne na tara cikin 'ya'ya goma sha uku. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi sahun samarin gundumar zuwa ramukan haƙar ma'adinai na Ontario, ya yi shekara shida ya dawo. Ya ce Turancin da ya koyo a can bai wuce na neman abinci da ba da haƙuri ba, kuma mutum ba zai ƙare rayuwarsa da kalmomi biyu ba. Ya sayi kwale-kwalen kamun kifi, ya auri Bernadette, suka haifi 'ya ɗaya wadda yanzu take aikin jinya a birnin Québec. Bernadette ta rasu shekara takwas da suka wuce.

Lokacin yarintarsa makarantar arewa kaɗai tana da yara fiye da ɗari biyu. Yau ƙauyukan biyu a haɗe ba su cika mutum dubu ba, kuma furfura ta fi yawa a coci. Tara cikin goma da Faransanci suke magana a gida. Sunayen iyali ba su wuce biyar ko shida ba, kuma babu gida a arewa da ba shi da suruki a kudu. Duk da haka ba su taɓa yarda su ɗaya ba ne. Mutanen arewa suna zuba dunƙulen fulawa a cikin fricot, romon kaza da dankalin da ake dafawa a kowane taro, mutanen kudu kuwa sun ce wannan ɓata kaza ne.

A kudu akwai Zélica Caissie, mai shekara sittin da tara, wadda mijinta ya rasu tun da daɗewa. Shekara uku ke nan Télesphore yana zuwa gidanta. Da rani ya ɗaure kwale-kwalensa a bakin gonarta, da sanyi ya zo a tsohuwar motarsa da itacen hura wuta, ranar Lahadi ya ɗauko ta su ci abinci a gidansa. Kowa ya sani, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. Babbar hanya ta gada ba ya binta da sanyi. Idonsa ya rage, manyan motocin katako suna gudu a kanta, kuma 'yarsa ta sa ya yi mata alkawari. Saboda haka daga ranar da aka fitar da kwale-kwale daga ruwa har zuwa ranar da aka buɗe hanyar ƙanƙara, sai dai su gaisa ta waya.

A shekarar da nake ba da labari, gwamnatin lardi ta haɗe ƙananan ƙauyuka wuri ɗaya. Arewa da kudu da ɗan ƙauyen da ke bakin gada suka zama ƙaramar hukuma guda. Aka zaɓi kansila uku daga arewa, uku daga kudu. Magajiyar gari, Réjeanne Babineau, tsohuwar malamar makaranta, ta fito daga bakin gada, inda babu komai sai kanti ɗaya da famfon mai. Da can maganar hanyar ƙanƙara ba ta wuce waya ɗaya tsakanin shugabannin ƙauyukan biyu ba. Yanzu kamfanin inshora ya ce motar shara ba za ta taka ƙanƙara ba sai sabuwar majalisa ta zauna ta kaɗa ƙuri'a.

Majalisar kuwa ba ta zauna ba, domin an kasa yarda da inda za ta zauna. Kowane ƙauye yana da zaurensa, kuma kowa ya tabbata cewa inda aka yi zaman farko nan zai zama hedikwata har abada. Jagoran kansilolin arewa shi ne Ovila Gallant, masunci mai ƙaton ciki. Na kudu Fidèle Léger, kafinta. Ovila yana auren ƙanwar Fidèle, kuma shekara talatin suna tsokanar juna. Na same su wata rana a kantin bakin gada, kowa da kofin shayinsa.

"Zaurenku fa ko bayan gida mai kyau ba shi da shi," in ji Ovila.

"Namu na mutane ne masu kamun kai," in ji Fidèle. "Naku kuwa warin kifi, sai mutum ya fito kyanwoyi suna binsa."

"Ƙanwarka ba ta taɓa kukan warin ba."

"Hancinta ne ya mutu tun ranar aure. Mun yi mata addu'a mun gaji."

Suka yi dariya, Ovila ya biya kuɗin shayin duka biyu, kowa ya tafi bai sauya ra'ayi ba. Magajiya Réjeanne tana da ikon raba gardamar, amma ta ƙi. Ta ce ba za ta fara mulki da ɓata wa rabin gari rai ba.

Kirsimeti ya zo ya wuce. Télesphore ya gama dasa itatuwansa, layi biyu tsaf, amma babu motar shara. Sai Zélica ta kira shi da safe.

"Tsoho, ka zauna ko kana tsaye?"

"Ina tsaye. Me ya faru?"

"To zauna. Ɗana zai zo daga birnin Moncton ranar Lahadin bayan sabuwar shekara. Ya gyara mini ɗaki a gidansa. Ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba, itace ya kusa ƙarewa, ga hanya a rufe."

"Ai zan iya zuwa a ƙasa."

"Ka ɗauko mini itace a ka? Da wannan bayan naka?"

"Sai in aro babur in ɗauko ki."

"Ni? Da wannan ƙugun? Ka ga na yi kama da yarinya? Ka ji ni da kyau, Télesphore. Ba na son tafiya. Bene hawa na huɗu ne, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Amma in hanya ba ta buɗe ba, ba ni da abin da zan ce masa. Kuma wanda ya tafi Moncton da sanyi, ka san ba ya dawowa da rani."

Ya sani. Ya ga gidaje da yawa da aka rufe da niyyar wata uku.

Télesphore ba mutumin dabara ba ne. Ya sa hularsa ya tafi gidan Ovila, ya zauna a ɗakin girki, ya faɗa masa maganar yadda take.

"Haba Baba," in ji Ovila, "da shekarunka kake zancen budurwa?"

"Da shekaruna. Kai kana kwana da taka a gida ɗaya, shi ya sa kake da lokacin rigimar zaure."

Matar Ovila tana wanke kwanuka. Sai ta ajiye tukunya da ƙarfin da ya sa Ovila ya waiwaya. Washegari Télesphore ya bi layin itatuwansa a ƙasa har kudu, ya samu Fidèle a shagonsa yana feƙe katako, ya maimaita masa maganar ba ƙari ba ragi. Fidèle ya kashe inji, ya daɗe yana share hannunsa da tsumma. Zélica ce ta riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma, tana 'yar shekara goma sha huɗu, tun daga nan kamar uwa take a wajensa.

"Kawu, ka faɗa wa Ovila?"

"Na faɗa masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce na tsufa."

"Jaki," in ji Fidèle.

Magajiya ta sa ranar Juma'a da ƙarfe biyu na rana don zaman majalisa. Ba ta faɗi wuri ba. Ta ce duk zauren da kansiloli suka cika, a kira ta ta zo. Matan arewa suka share zaurensu suka ɗora babbar tukunya. Matan kudu ma haka.

Mutanen nan suna da wata al'ada. In za ka yi wa mutum alheri, ba ka gaya masa. Ka sauke masa itace a bayan gida ka tafi, ka share masa ƙofa kafin ya tashi, ka rataye masa kifi a hannun ƙofa. Wanda ya kira ya ce ga shi nan zuwa da alheri, ana ganin godiya yake nema. Don haka da Ovila ya yanke shawarar sauka daga kan bakansa, bai kira kowa a kudu ba. Ya tara abokansa biyu da ƙarfe ɗaya, suka shiga motar ƙungiyar masunta, suka nufi zauren kudu. Fidèle ma ya kwana da maganar, ya tashi da irin wannan shawara. Shi da nasa biyun suka shiga ƙaramar motar makaranta, wadda ɗaya daga cikinsu yake tuƙawa, suka nufi zauren arewa.

A nan mota ake ganewa kafin fuska, kuma motocin nan biyu kullum suna kan wannan hanya. Suka haɗu a tsakiyar gada, direbobi suka ɗaga wa juna yatsa daga kan sitiyari kamar yadda aka saba, kowa ya wuce. Mutum ɗaya ce ta ga abin da ya faru. Magajiya Réjeanne tana tsaye a tagar ɗakin girkinta, ta ga Ovila a kujerar gaba ya ɗaura lakataye yana tafiya kudu, ta ga Fidèle da rigar coci yana tafiya arewa. Ta ce sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

Ovila ya shiga zauren kudu da fara'a, hannu a buɗe, ya tarar da mata huɗu da tukunya.

"Ina maigidan naku?"

"Ya tafi wajenku," in ji matar Fidèle. "Kai kuma me kake yi a nan da lakataye?"

Ya kira Fidèle nan take, mata suna saurare.

"Suruki, kana ina?"

"Ina zaurenku, ina shaƙar kifi. Kai fa?"

"Ina naku. To juyo, a nan za a yi."

"A'a, kai ka juyo. Mu muka fara tasowa."

"Ƙarya ne! Na bar gida tun ƙarfe ɗaya saura."

"Na riga na sauka, Ovila. Mutum ba ya sauka sau biyu a rana ɗaya."

"Ni ma na sauka! Ka tambayi matarka, ga ni a gabanta!"

Rigima ta koma sabuwa, sai dai ta juye. Yanzu mutumin arewa ne ya kafe sai an zauna a kudu, mutumin kudu ya kafe sai a arewa. Rana kuma takan faɗi da wuri a wannan watan.

Télesphore yana tsakiyar mashigin a lokacin, cikin 'yar bukkar katakon da yake kafawa kowace shekara don kamun ƙananan kifi ta rami. Bai je ko wane zaure ba, domin ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Magajiya ta kira shi tana tuƙi, ta ba shi labari, dariya tana katse ta.

"Madam," ya ce, "tsakiyar ruwan nan na wa ne yanzu?"

"Namu ne. Tun da aka haɗe mu, iyaka ta zagaye mashigin gaba ɗaya."

"To murhuna yana ci. Ki ce su biyo itatuwa."

Na iso gaɓar arewa tare da Magajiya da sakatariyar majalisa. Fidèle da mutanensa sun riga sun sauka kan ƙanƙara, suna jan tukunyar matan arewa a kan katako, an ɗaure murfinta da igiya. Bayansu rabin ƙauye, tsofaffi da sanduna, karnuka suna gaba. Can nesa, tsakanin layin itatuwa, ga wata tawagar tana tahowa daga kudu, Ovila a gaba da tukunyar matan kudu, yana nutsewa cikin dusa har gwiwa, lakatayensa yana kaɗawa. Iska ba ta da ƙarfi, rana tana haska ƙanƙarar har ido yana ruwa. Wani daga kudu ya fara waƙar da masunta suke yi in sun dawo da kaya, mutanen arewa suka amsa tun kafin a ga fuskar juna.

Bukkar ba ta ɗaukar fiye da mutum huɗu, don haka aka kife bokitai a waje, kansiloli suka zauna. Tawadar biron sakatariya ta daskare, aka ba ta fensirin kafinta daga bayan kunnen Fidèle. Magajiya ta buɗe zama, ta karanta batu ɗaya tak: a tura motar shara kan hanyar ƙanƙara gobe da safe.

"Na kawo shawarar," in ji Ovila, yana haki.

"Ni zan kawo ta, kai ka goyi baya," in ji Fidèle.

"Don Allah ku rufa mini asiri," in ji Télesphore daga ƙofar bukka. "Ƙafafuna sun fara mutuwa."

Hannu shida suka tashi cikin safar ulu, Magajiya ta ƙara nata ko da ba a buƙata. Aka yi tafi, sautinsa a toshe saboda safar hannu. Télesphore ya cire hula, ya mayar, ya shiga bukka ya daɗe yana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara.

Aka ɗora tukwanen biyu a kan murhu bi da bi. Kwanuka ba su isa ba, aka yi ta miƙa wa juna. An ga Fidèle ya ci na arewa kwano biyu, dunƙulen fulawa da komai. Da aka tambaye shi, ya ce ja ya yi tun daga gaɓa, yana da haƙƙi a ciki. Ovila ya ce na kudu ba laifi, in mutum ba shi da lafiya. Kafin rana ta taɓa kan itatuwan gaɓa aka watse. Kowa ya nufi gida a ƙasa, kansiloli ma haka, aka bar motar masunta a kudu da motar makaranta a arewa har washegari.

Ranar Asabar da hantsi motar shara ta sauka kan ƙanƙara, tana watsa dusa gefe da gefe. Télesphore yana biye da ita a tsohuwar motarsa, baya cike da itace. Ya tarar da Zélica a bakin ƙofa, ta sa babbar riga, akwati a gefenta.

"Me ye wannan kuma?" ya ce. "Ba ki ji an buɗe hanya ba?"

"Na ji. Na kira ɗana tun jiya, na ce ya ajiye man motarsa."

"To akwatin fa?"

"Kwana biyu na yi ina haɗa shi, ba zan kwance shi a banza ba. Zan sauka wajen ƙanwata a arewa. Gobe bayan coci kuma ka kai ni wajen Fada, ya sa mana rana. Na gaji da yaron nan yana tambayata wai kai wane ne a wajena."

Télesphore ya tsaya da guntun itace a hannu. "Ke kike neman aurena ke nan?"

"In na jira ka, sai ƙanƙara ta narke. Sauke itacen nan, ka ɗauki akwati."

Ya sauke, ya jera shi a rumfa, ya taimaka mata ta hau. Da suka gangara kan ƙanƙara ya sauke gilasan mota duka biyu, kamar yadda kowa yake yi a wannan hanya don a samu mafita in ƙanƙara ta fashe, ya riƙa tafiya a hankali tsakanin itatuwan.

"Rufe tagar nan, kunnena zai cire."

"Ba a rufe taga a kan ƙanƙara, kin sani."

"To taka motar mana, tsoho. Kare ma ya wuce mu."